Ranar da Aka Nutsar da Jirgin Baba

Ni na kusa kashe kwalekwalen mahaifina, kuma da gata na yi. Da ɓarin jikinsa ya shanye muka ɗauko shi daga ƙauye zuwa gidana a Jimeta, ya ce ba inda za shi sai da jirginsa. Ba na kamun kifi ba ne, na shan iskar yamma ne kawai. Ni kuwa ɗan ofis, sai na ɗauke shi kamar mota. Na ɗora a kan bulo a bayan gida, na shafa masa shuɗin fenti, na lulluɓe da tampol. Shekara biyu ruwa bai taɓa shi ba. In Baba ya tambaya daga kan gado ko jirgi yana ruwa, sai in ce yana nan lafiya.

Wata safiya likita ya ja ni gefe ya ce mu yi wa Baba duk abin da yake so. Abu ɗaya yake so, a kai shi kogin Binuwai a jirginsa. Na yaye tampol, sai ga katakai sun bushe sun rabu, yatsana na shiga tsakani.

Lokacin 'yan gudun hijira sun cika gari. A zauren maƙwabcina akwai wani dattijo daga bakin Tafkin Chadi, mai sassaƙa jirage, wanda tun zuwansa ba a ji dariyarsa ba. Na kira shi, ya zagaya jirgin sau biyu.

"Malam, wa ya yi wannan aika-aika?"

"Ni ne, Bappa."

"Jirgi da kifi ubansu ɗaya. Ai bandar jirgi ka yi!" Ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ni kuwa kunya kamar in nutse.

Kwana biyu yana cusa tsumma a tsagun da kurfinsa na sassaƙa, yana narka kwalta a gwangwani yana liƙewa. Muka tura jirgin a amalanke zuwa gindin gada. Ina murna an gama, sai na ga ya loda masa duwatsu ya nutsar da shi. Raina ya ɓaci, na ɗaga wa sa'an ubana murya.

"Bar shi ya sha ruwa kwana uku," in ji shi. "Katako ya kumbura, baki ya haɗu."

"In Baba bai kai kwana uku ba fa?"

"Sai mu roƙa, ni a masallaci, kai a coci."

Na koma gida na faɗa wa Baba gaskiya duka. Da rabin bakinsa ya ce, "Ya nutsar? To ka samu mutum."

Kwana ukun nan, da na ji tarinsa ya canza sai in tashi a guje. A rana ta huɗu muka kwashe duwatsu da ruwa, muka kwantar da Baba a kan katifa, dattijon ya kama filafilin tuƙi. Baba ya shafa ƙasan jirgin, ba yoyo ko ɗigo. Sannan ya saki hannunsa mai lafiya a cikin kogin, bai ɗago shi ba har muka dawo gaɓa.

Mako guda bayan haka muka binne Baba. Yanzu dattijon ya daɗe da komawa garinsu, kuma duk godiyar da na yi masa ban ji ta isa ba. Jirgin yana gindin gada. Duk Asabar nakan je in tabbatar yana ruwa.