Fuskar Auta a Bayan Gilashi Biyu

Shekara talatin da ɗaya Mai Waya ya yi yana gyaran talabijin a shago mai faɗin taku huɗu, tsakanin tela da mai facin taya. Bai taɓa zubar da mataccen kaya ba. Kowanne na kan kanta da 'yar takarda a manne: ranar da ya zo, da abin da ya kashe shi. Tela kan leƙo ya ce, "Malam, shago ne wannan ko maƙabarta?"

"Yi ta dariya, rediyonka ma nan zai ƙare."

Shekara biyu bayan rasuwar autarsu, idon matarsa ya soma dushewa. Likita ya ce jijiya ce, ba ta gyaruwa. Fari tas da baƙi ƙirin kawai take bambancewa. Abin da ke tsakani duk toka-toka ne. Bidiyo ɗaya tal suke da shi na Auta, na minti huɗu, ranar da ta gama makarantar koyon jinya. Matar takan kunna, ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin talabijin, sannan ta kashe.

Sai ya ɗauko wata tsohuwar talabijin irin tasu, ya cire gilashinta, ya ɗora a kan na gida, ya haɗa wayoyin yadda duka biyun za su nuna hoto ɗaya. Baƙi ya ƙara baƙi. Amma gilashi biyu na cinye haske, don haka ya zaro 'yan ƙananan ƙwayayen fitila daga matattun talabijin shida ya jera a baya. Wata uku ya yi a kai. Ya gwada da labarai, ya gwada da ƙwallo. Da bidiyon ne kaɗai bai gwada ba, don ba ya iya kallonsa shi kaɗai.

Wata Asabar da hantsi ya ajiye akwatin talabijin ɗin a falo, ya ja mata kujera, ya kunna bidiyon Auta.

"Kai! Malam, ga fararen riguna! Ga mota, ga tayarta ma ina gani!" Ta riƙe hannunsa tana dariya. "Ashe ba a banza ka tsufa cikin shara ba."

Hoton ya juya wajen bishiya. A nan Auta ta tsaya ranar, cikin inuwa, don rana na sa ta ciwon kai. Farar rigarta ta fito tas, hular ma haka. Tsakaninsu kuwa baƙi ne kawai. Aikin da ya yi ya haɗiye inuwar, ya haɗiye fuskar da ke cikinta.

"Ina take?"

Ya tashi ya rage baƙin kaɗan-kaɗan. Kumatu suka dawo, sai wushiryar, sai idanun.

"Yanzu fa?"

"Hazo ya dawo."

Ya ƙara, fuska ta ɓace. Ya rage, matar ta daina gani. Sau tara ya yi haka yana neman tsakiya, babu.

"Baban Auta, bari haka nan," in ji ta. "Mayar da shi inda kai kake ganinta."

Ya mayar, ya dawo ya zauna.

"To, faɗa mini. Dariya take?"

"Dariya take. Ta sa hannu tana rufe baki."

"Ita ke nan," ta ce, ta juya kunne wajen akwatin. "Mayar da shi farko."