Igiyar Ƙofa

Mijina tsohon soja ne, ƙarar bindiga ta cinye masa kunne. Da ya samu gadi a wani gida a Unguwar Boro, sai muka ɓoye kurumtarsa. Na murza igiya, ya ɗaura ta daga ƙofa zuwa ƙafarsa. Kowa ya buga ƙofa, sai ya ji a jikinsa, ya buɗe. Damina biyu muna cin tuwo da ita.

Ran nan mai gidan ya sayi mota. Ya iso, bai sauko ba, sai danna hon yake. Mijina yana zaune, yana jiran igiya ta motsa.

Da rana tsaka ya dawo gida, an sallame shi, igiyar a naɗe. Ya ce mini, "Mama, ajiye."

Yau shanya nake a kanta. Shi kuwa bai ƙara fita neman aiki ba.