Katafila a Kan Iyakar Gonarmu

'Yan'uwa, yau na ga itace ya yi tafiya!

Rugugin inji ne ya katse mini karin kumallo. Na leƙa gonarmu ta bayan gida, nan Tafoki. Katafilar masu aikin hanya ce! Ta kafa baki ƙarƙashin 'yan itatuwan bedin da ke kan iyakarmu da maƙwabcinmu, Malam Audu. Ta ciro ɗaya da ƙasarsa, kamar jariri cikin zani. Ta dasa shi kunya uku cikin gonarmu!

Gabana ya faɗi. Itatuwan nan su ne shaidar iyaka, ga Baba kwance a asibiti.

Na ce wa direban, "Malam, wa ya aiko ka?"

Ya ce, "Hajiya, aiki aka ba ni, ba suna ba."

Malam Audu na gefe, kansa a sunkuye. Na ce, "Haba Baba Audu, da rana tsaka?"

Ya ce, "Wallahi ɗiyata, ni ma kirana aka yi."

Ban yarda ba. Na yi ta ɗaukar hotuna!

Sai bayan la'asar Goggo ta faɗa mini. Baba ne ya aiko motar daga gadon asibiti. Ashe shekarar da ya dasa su, shi ya ci wa Malam Audu kunya ukun nan, yanzu yake mayar masa da hakkinsa.