Ranar da Surukina Ya Ɗaure Roka

A-kori-kurar da na yi shekara shida ina ci da ita ta fara kuka ne a tsakiyar bazara, daidai lokacin da tumatirin noman rani ya nuna a fadamu. Ƙara ce daga saman inji, ƙas-ƙas-ƙas, tun tana yi da safe kawai har ta koma yini guda. Na san ciwon. Kafin a sallame mu daga aiki, a shekarun da aka yi ta korar ma'aikata, direba nake a wata ma'aikatar gona, kuma akwai wani tsohon bakanike mutumin Wusasa da ba ya yarda direba ya kwanta a inuwa ana gyara motarsa. A hannunsa na koyi cikin inji. Don haka ina buɗe murfi na ga tafet sun cinye, bakin roka ma ya suɗe.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin inji ba, tafet wasu 'yan kofunan ƙarfe ne a can ƙasa. Su ke tura sanda, sandar ta ɗaga gindin roka, roka kuma ta sunkuyar da kai ta danna bawul, wato marufin 'yar ƙofar da mai ke shiga ko hayaƙi ke fita, kamar kaza tana tsattsagar hatsi. Na je Sabon Gari na sayo sababbi, takwas-takwas, da niyyar in kai motar wani gareji a Tudun Wada. Sai matata ta je gidansu a Kwarbai barkar haihuwa, bakinta ya ƙi zama.

Surukina, mahaifin matata, injin niƙa yake gyarawa a ƙofar gidansa. In ce yana gyarawa, don haka ake faɗa. Babu agogo, keken ɗinki ko injin ban-ruwa da ya taɓa shiga zaurensa ya fito da lafiyarsa, amma duk unguwar Injiniya ake ce masa, saboda yana da farin gemu, da tabarau mai igiya, da akwatin sifana da ya fi na kowa nauyi. In abu ya lalace a hannunsa sai a ce dama kwanansa ya ƙare. Da yamma matata ta dawo mini da saƙo, tana murna, baki har kunne.

"Baba ya ce gobe ka kai masa motar. Ya ce yana raye ba za a kai wa bare ba."

Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kallon tsakiyar idon mutumin nan ba. In na hango shi a lungu, takalmi nake cirewa in durƙusa tun daga nesa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kiran sunansa ba, magana kuwa ba ta wuce gaisuwa. Haka muka tashi muka tarar a cikin ganuwa, kuma da shi ake auna ɗan mutunci. To ta yaya zan aika masa cewa na gode, amma na fi yarda da wani ɗan Tudun Wada?

Abin da ya hana ni sukuni kuwa shi ne alkawarin ranar Alhamis. Akwai wani dattijo manomi a wani ƙauye bayan Ƙofar Gayan, shekara huɗu ni nake ɗaukar masa kaya. Wata uku ya yi yana ban-ruwa da jigo, shi kaɗai, gonar tumatir guda ita ce duk abin da ya shuka a ranin. Mun yi da shi zai tsinke da sassafe, ni kuma in kai shi inda manyan motocin Kudu ke lodi kafin azahar. Tumatirin bazara ba ya jiran kowa, in ya yini a kwando cikin rana ya zama miya.

Ranar Talata na kai motar. Lungun gidan ko jaki mai mangala da ƙyar yake wucewa, sai da muka naɗe madubi. An shimfiɗa tabarma, tsofaffin unguwa sun jeru a dakali, kowa da carbinsa, sun zo kallon Injiniya zai yi aikin mota. Ni kuma na samu gindin bango, taku goma daga wurin, na tsuguna tare da abokina, wanda ya yi mini babban aboki a bikina. Gaskiya ranar farko bai yi ɓarna ba. Ya ɗaga kan inji, ya zare tsofaffin tafet ya jefa sababbi, bai ko shafa musu baƙin mai ba, amma na ce a raina wannan da sauƙi.

Ranar Laraba bayan la'asar aka zo saiti, wanda shi ne aikin gaba ɗaya. Tsakanin bakin roka da kan bawul ana barin ɗan fili, kaurin reza ko ƙasa da haka, domin ƙarfe in ya yi zafi kumbura yake. In babu filin nan, inji na ɗaukar zafi bawul ba zai ƙara rufuwa ba, wuta ta riƙa bi ta gefensa har ta cinye shi. Wannan ko ɗan kwana uku a gareji ya sani. Ma'aunin filin ma yana cikin aljihuna, ina jin sanyinsa a cinyata.

Surukina ya kama roka ta farko ya girgiza. Ta motsa. Ya juyo wajen tsofaffi, ya sauke tabarau kan hanci.

"Kun ji inda ƙarar take. Sako-sako ne. Yaran yanzu ba su iya ɗauri ba."

Ya murɗa sukurun har ta daina motsi, ya ɗaure noti da duk ƙarfinsa. Tsofaffi suka gyaɗa kai. Wani da ko keke bai taɓa hawa ba ya ce, "Ilimi ke nan, Injiniya. Allah ya ƙara basira." Ya kama ta biyu.

Na taɓa abokina, na raɗa masa: "Zai ƙona mini bawul. Don Allah je ka ce a bar fili, kaurin reza. In ba haka ba gobe motar nan ba za ta kai ko'ina ba."

Shi ma ba zai iya tunkarar surukina kai tsaye ba, abokin miji ai ɗa ne. Sai ya cire takalmi ya lallaɓa wurin ƙanin surukin nawa, wanda ke zaune a bakin tabarma, ya durƙusa. Ina jin sa.

"Baba, wai ya ce ko da hali a ɗan bar wuri kaɗan tsakanin ƙarafan, in dai ba damuwa. Amma fa ku kuka fi sani."

Rabin maganata ta riga ta mutu a taku biyar. Ƙanin ya saurara, ya shafa gemu, ya dube ni ta wutsiyar ido, sannan ya gyara murya.

"Yaya, yaron nan yana ta godiya. Ya ce bai taɓa ganin aiki mai tsafta irin wannan ba."

"Allah ya yi masa albarka," in ji surukina. Don jin daɗi ya koma kan ta farko ya ƙara mata murɗi.

Haka na tsuguna ina kallo, ɗaya bayan ɗaya, har takwas. Da baki da harshe da ilimin a kaina, na zuba ido kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Da aka tayar da motar kuwa ƙarar ta ɗauke ɗif. Tsofaffi suka yi kabbara, aka shafa fatiha, wani ya ce a ƙasar Turawa ma sai an tona kafin a samu irinsa. Ni ma na matsa na durƙusa na yi godiya, kaina a ƙasa.

Na yi wa kaina dabara: da asuba, inji na sanyi, zan tura ta gefe in sake saitin. Aikin minti ashirin ne. Ina fitowa daga masallaci na tarar da ƙanin surukina a ƙofar gidana, da lema da buta. Wai za shi ta'aziyya ƙauyen da za ni, kuma yana so ya ji daɗin aikin Yaya. Ya shige gaba ya harɗe. Duk hanya yana kasa kunne yana cewa, "Ka ji ko? Shiru kamar ba a kunna ba." Da muka isa ma bai wuce gidan rasuwar ba, ya tsaya yana ba manoma labarin gwanintar yayansa, hannunsa a kan bonet. Ga kwanduna an jera, ga inji ya yi zafi, ga rana tana ɗagawa. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ko a lokacin da na ce a jira ta huce in buɗe, da an jira. Kunya ta hana ni, na yi lodi, dattijon manomin ya shiga gaba, muka kama hanya.

Ba mu yi rabin tafiya ba ta fara ja da baya a wani ɗan tudu. Na sauke giya, ta yi tari, ta yi harbi biyu ta baki, ƙarfi ya zube. Na lallaɓa ta har kan tudun, nan ta mutu. Na jira ta huce, na buɗe, na sassauta duka takwas ɗin da ma'aunin da ya kwana biyu a aljihuna, amma bawul biyu sun riga sun ƙone. Tana tashi, ba ta iya jan kanta, balle kwando talatin.

Hanyar daji ce, ranar kuma ba kasuwa. Motoci biyun da suka wuce a cike suke da nasu kayan. Na roƙi wani mai keke ya goya ni zuwa gari, kafin in samo mota mu dawo an yi la'asar, motocin Kudu sun daɗe da tashi. Na tarar da dattijon ya yanko ganye ya rufe kwandunan, yana tsaye a rana yana korar ƙudaje. Jan ruwa yana ɗiga ta ƙarƙashin bodi.

Da magariba matata ta kawo saƙo daga Kwarbai: Baba ya jajanta, ya ce jabun kaya aka sayar mini a Sabon Gari, nan gaba in riƙa shawara da manya kafin in saya. Na ce ta ce masa na gode.

Washegari na koma, ni da dattijon muka zazzage kayan a bakin hanya, inda suka kwana. Mata masu yanka kauɗa suka tsinci abin da zai shanyu, bai kai kwando huɗu ba. Sauran muka tura rami. Da muka gama, dattijon ya juyo wajena yana goge hannu da ciyawa.

"Direba, ka ce an yi mata gyara shekaranjiya. Wane ne ya yi?"

"Surukina ne, Malam."

"Kana wurin?"

"Ina wurin. Na ga kuskuren da idona, na kuma san abin da zai faru."

Na faɗa ne don ya zage ni. Wallahi so nake ya ɗaga murya, ya ce na cuce shi, ya kira ni duk sunan da ya ga dama. Sai ya kalli ramin, inda wata ukunsa ke tsiyaya, sannan ya gyaɗa kai.

"To ai ba yadda za ka yi. Suruki ne. Ka yi daidai, ɗana, kai ɗan mutunci ne."

Ban taɓa jin yabon da ya ƙona mini rai irin wannan ba, kuma har yau in na tuna ina jin haushin mu duka. Ya tattara kwandunansa, ya zura wani cikin wani, ya ɗaure da igiya. Na ce ya jira in samo masa mota, ya ce a'a, yanzu ai ba su da nauyi. Ya ɗora a ka ya kama hanyar ƙauye a ƙasa.