Wayata a Haɓar Zanen Inna

"Inna, wayata ce ke ƙara, ba ni in duba."

Mahaifiyata ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ci gaba da tsintar wakenta. Wayar na ɗaure a haɓar zanenta, sai kuka take yi.

Ni na ba ta da hannuna. Sau biyu ina faɗuwa jarrabawar ƙarin girma ta malaman firamare. Da na buɗe littafi sai saƙo ya shigo, kafin in farga an kira la'asar ina karanta rigimar mutanen da ban ma sani ba. Shi ne muka yi yarjejeniya: ina dawowa daga makaranta a Sakajiki za ta karɓe wayar, sai magariba.

Ranar kwana uku ke nan da farawa, hannuna har ƙaiƙayi yake yi.

"Inna, in wani abu ne ya faru fa?"

"In mutuwa aka yi, mutum za a aiko bisa mashin. In ba ita ba, ko wane ne shi jira. Koma ga karatunka."

Na koma rai a ɓace. Satin farko da ƙyar nake minti goma a zaune. Kafin wata biyu kuwa, sai Inna ta taɓa kafaɗata nake jin kiran salla.

Jiya sakamako ya fito, alhamdulillahi na ci. Saƙon ma sai da ya jira magariba a haɓar zanen, kuma bai ragu da komai ba.

Ku fa, wa ya isa ya karɓe taku?