Hannun da Ba Ya Jin Ruwan Alwala

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Sabi'u na Unguwar Kanawa. Da tafireta ya ci abinci a ofishin gwamnati har ya yi ritaya. Daga baya hawan jini ya kayar da shi, ɓarin damansa ya shanye. Hannun yana nan da ɗuminsa, amma ko allura aka soka masa ba ya ji.

Ni nake yi masa alwala. Nakan rufe shagona a Hayin Banki in tafi. Idan na zo kan hannun dama sai ya kawar da kai, don ba ya son ganinsa, ya ce, "Habu, ruwa ya kai gwiwar hannu?" In na ce ya kai, magana ta ƙare. Ni ne mai kokwanto, in yi ta shafawa ina leƙen tsakanin yatsu, har sai ya ce in daina yi masa ɓarnar ruwa, waswasi ba ibada ba ne.

Abin da ya tayar mini da wannan, ɗansa Nura ne, wanda shi ma ma'aikaci ne yanzu. Da ya zo gaishe ni ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa. Wani mutum ne a ƙasar waje, jikinsa a shanye, an dasa masa 'yan wayoyi a ƙwaƙwalwa. Da ya yi nufin ɗaukar kofi sai wani hannun ƙarfe da aka haɗa da wayoyin ya miƙe ya ɗauka. Nura ya ce da can da ido kawai ake sarrafa hannun, shi ya sa abu kan suɓuce. Yanzu kuwa in yatsun ƙarfen sun taɓa abu, na'ura na aika saƙo cikin ƙwaƙwalwa, mutum ya ji kamar fatarsa ce ta taɓa.

"Baffa, da Baba ya riski wannan, da bai wahalar da kai ba," in ji shi.

Abin ya tsaya mini a rai. Karatuna bai wuce firamare ba, ba kuma na raina masu wannan aiki, na san tausayi ne ya sa su. Sai dai wanda ya iya sa ka ji taɓawa, ai zai iya sa ka ji ta ko ba a taɓa ka ba. In na'urar ta ce wa ƙwaƙwalwa ruwa ya zuba, alhali buta a bushe take, wa zai ƙaryata ta? In ta lalace, ta ina mai ita zai gane, tunda da ita yake ji? Zanen aro ba ya rufe katara. Ga kuma niyya, wadda muka taso muna jin cewa tsakanin bawa ce da Ubangijinsa. Yau ga injin da ke tsinkayar abin da ka nufa tun kafin ka motsa. Na tambayi Nura wa ke riƙe da abin da injin ya karanta, sai ya yi dariya ya ce Baffa ba ya canzawa.

Me Yaya zai ce? Ina zaton ba zai tsorata kamar ni ba. Mutum ne mai son inji, ya taɓa warware rediyonsa don kawai ya ga cikinsa. Wataƙila ma ya miƙa kansa a dasa. Amma na san zai fara tambaya: wa ya ƙera, kuma in ta yi masa ƙarya, fuskar wa zai duba? Ni ya san ni tun ina rarrafe, ya san irin tsorona, shi ya sa maganata ta ishe shi.

Ba don Yaya kaɗai nake wannan tunani ba. Tun bara ciwon suga ya fara kashe mini yatsun hannun hagu. Wani lokaci ina zuba ruwa ba na rarrabe mai sanyi da mai ɗumi. Na daɗe ban gaya wa kowa a gida ba, ina ta maimaita wanki har sahu ya wuce ni. Na'urar Nura ba ta iso unguwarmu ta Kawo ba, ko ta iso ban ga ranar da zan yarda da ita ba. To amma ban yarda da kowa ba ma, nan ne ciwon.

Yaya bai bar dukiya ba. Abin da ya bari shi ne ya nuna mana yadda mutum ke damƙa abin da ya fi ƙarfinsa ga wanda ya sani, ya kuma yi sallarsa hankali kwance. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya karɓi waɗancan salloli. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar Juma'ar da ta wuce na kira babban ɗana, na miƙa masa butar, na gaya masa gaskiyar hannun. Ya wanke mini hannun, ya ce ruwa ya kai. Na tashi na bi jam'i, zuciyata tana ta ce mini in koma, ban koma ba.