Ƙadangaren da ke Cikin Rijiyar Kaka

Akwai wata ƙara da murfin buta ke yi idan shayi ya fara tafasa, ƙyas-ƙyas kamar haƙoran mai jin ɗari. Har yau idan na ji ta sai in ji kamar za a tambaye ni abin da ban sani ba. Jiya da la'asar na ji ta a tsakar gidana a unguwar Dagmanet, bayan na yini a tsaye ina sayar wa masu tafiya haƙar zinariya bido na zuba ruwa da igiya da fitila. Ƙafafuna sun kumbura har takalmina ya yi fushi da ni. Ina zaune ina fifita gawayi, sai ga ni a zauren Kaka.

A gidan kakana na wajen uwa na tashi, cikin tsohon garin Agadas, domin mahaifina yana aikin kwal a Cirozerin. Jefi-jefi muke ganinsa, shi ma sai ya yi magana muke gane shi saboda baƙi. Kaka kuwa tsohon ɗan ayari ne. Ya yi ta bin raƙuma zuwa Bilma har gwiwoyinsa suka ce su dai sun iso. Abin da tafiya ta bar masa shi ne wata shuɗiyar buta mai lotsattsen gefe, da finjalai, da tambayoyin da suka fi yashin Tenere yawa.

Kun san yadda shayinmu yake, sau uku ake dafa shi. Na farko na manya ne, mai ɗacin da zai miƙar da wutsiyar kunama. Na uku shi ne namu yara, ruwa-ruwa, sukari har ƙasa. To a zauren Kaka na ukun nan ba kyauta ba ne. Yana zuba na farko zai jefo tambaya, wanda ya amsa kafin na uku ya tafasa ya sha, wanda ya kasa ya wanke finjalai. Wata rana lissafi ne, na kantun gishiri da raƙuma da igiyoyi. Wata rana abin da ya tsinto a rediyo ne, ko abin da kake wucewa kullum ba ka kalla ba. Ya taɓa tambayarmu sanduna nawa ne a jikin hasumiyar babban masallaci. Na je na tsaya ina ƙirgawa har wuyana ya ƙage, na yi mako ina gaida mutane ina kallon sama. Baƙo ma bai tsira ba. Akwai mai itacen da ya daina bi ta lungunmu, ya gwammace ya zagaye Agadas da jakinsa. Kalkil ɗin lakwal, wato lissafin makarantar boko, ya fi mini sauƙi nesa, don malaminmu, da muke ce wa mushe, ba ya riƙe da sukari.

Mai buta ma akwai doka a kansa, kuma Kaka ya fi kowa tsananta ta. Wanda ya maimaita tambayar da ya riga ya yi, ko ya yi tambayar da shi kansa ba shi da amsarta, ya ajiye buta, ba zai ƙara zuba wa kowa shayi a zauren ba. Ta haka shi ma ya karɓe ta daga hannun yayansa, kuma yana ba da labarin da alfahari kamar wanda ya ci gari da yaƙi.

Cikin wata bazara, irin wadda katanga ke ƙona bayan mai jingina, ya kawo tambayar ƙadangare. Ya ce ƙadangare ne ya faɗa rijiya mai zurfin gaba goma. Da rana yana hawa gaba uku, idan ya kwanta barci ya zame gaba biyu. Rana ta nawa zai fito? Duk muka ce ta goma, tunda gaba ɗaya yake ci kullum. Kaka ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ya ce ta takwas, domin a wayewar ranar yana gaba bakwai, ya hau uku ya kama baki, wanda ya fito kuwa ba ya zamewa. Muka wanke finjalai.

Bayan 'yan kwanaki, yana zuba na farko, ya gyara murya ya ce ƙadangare ne ya faɗa rijiya.

Na buɗe baki, sukari har ya fara narkewa a harshena, sai na hango Inna, mahaifiyata, a ƙofar cikin gida da faifai a hannu. Kallon da ta yi mini, da a kan madara ya sauka da ta tsinke. Na rufe bakina. Da yamma ta tara mu a madafa ta ce, “Duk wanda ya nuna wa Baba ya taɓa jin tambayar nan, ni da shi ne. Butar nan ce ke tashinsa daga shimfiɗa.”

Gaskiya ta faɗa. Ya fara manta inda ya ajiye carbinsa, yana kiran Inna da sunan ƙanwarta, amma da rana ta karkata zai nemi a kawo gawayi, ya zauna a miƙe kamar madugu. Sai dai tambayoyin nan masu yawan yashi duk sun tsiyaye, saura ɗaya. Damina ta zo, ƙoramar Telwa ta kawo ruwa, gari ya yi ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙadangare yana cikin rijiya. Ayari ya dawo da dabino da gishiri, yana ciki. Mu kuma kullum mu sosa ƙeya, mu ƙirga yatsu, mu yi shiru, shi ya faɗi amsa ya shanye na uku yana mana dariya. Ina da yaƙinin rashin sukarin shekarar nan ne ya hana ni tsawo. Kuma ba zan ɓoye muku ba, abin da gajiya. Ka san abu kamar sunanka, kullum ka yi fuskar jahili, ba ƙaramin aiki ba ne ga yaro.

Ranar da nake son ba ku labari cikin lokacin ɗari ne. Kawu, babban ɗan Kaka, wanda ke tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Dirku, ya dawo daga tafiya yana zaune da mu, Inna kuma ta riga ta sanar da shi halin da ake ciki. Kaka ya yi tambayarsa, muka yi shirunmu, na uku ya tafasa. Ya ɗaga yatsa zai faɗi amsa, sai yatsan ya tsaya a sama. Leɓensa yana motsi, babu abin da ya fito. Ya dubi gawayi, ya dubi finjalai ɗaya bayan ɗaya kamar a cikinsu ya ajiye ta. Babu abin da ake ji sai murfin buta. Dokar bai manta ta ba, ita kam tana nan daram. Na ga ya sa bayan hannu ya fara tura butar a hankali zuwa wajen Kawu.

Kawu bai ko kalli butar ba. Ya miƙe ƙafa ya ce, “Baba, wannan ai ba tambaya ba ce. Goma ne. Gaba ɗaya kullum, rijiya gaba goma. Ko yaron motata ya san wannan.”

Hannun Kaka ya tsaya. “Goma?”

“Goma cif. Ka ba ni na ukuna in sha.”

Na ga fuskar tsohon tana dawowa kamar ana hura garwashi. Ya ce, “Da wannan kan kake ratsa Tenere da 'ya'yan mutane? Wanda ya kama bakin rijiya, sai ya koma ciki ya kwana don ya faranta maka rai? Ranar takwas yana waje yana shan hantsi.” Ya jawo butarsa ya zuba wa kansa. “Tashi ka wanke finjalai, shofar ɗin banza.”

Kawu, mai gemu da 'ya'ya, ya tsuguna ya wanke su tas. Daga nan ya ce zai je ya duba kamiyo, wanda babu abin da ya same shi, bai dawo ba sai bayan magariba.

Tun daga ranar muka daina shiru. Kullum akwai wanda zai ce goma da ƙarfin hali, don mun gano amsar tana ɓuya wa Kaka idan an jira shi, amma ba ta iya zama idan ta ji an yi kuskure a gabanta. Haka muka yi ta karɓa-karɓa har Allah ya karɓi abinsa. Butar ba ta bar hannunsa ba.

Yanzu tana wurina, ta ƙara lotsewa, ni ma haka. Na gwada raya al'adar a gidana, amma 'ya'yan yanzu kowa da salula a tafin hannu. Kafin murfi ya yi ƙara sun ba ka amsa, har da hoton wanda ya fara yin tambayar. Ga gari ya cika da motoci da baƙin fuska, kowa yana sauri, ni kuma ina dawowa gida ne kamar tsumman da aka matse. Sau da yawa shiru muke sha.

Jiya dai da murfin ya yi ƙara, na ji bakina ya ce ƙadangare ne ya faɗa rijiya. Babbar 'yata, wadda ke lise, wato babbar sakandare, wadda kalkil ke gudu idan ya gan ta, ta kife salularta a kan tabarma. Ta dube ni ta ce, “Goma ne, Baba.” Ƙannenta suka gyaɗa kai, da sauri fiye da yadda nake so.

Na gyara mata, har da faɗa, na shanye na uku. Sai da na ajiye finjali na tuna cewa labarin Kawu na sha ba su shi. Na zauna ina lalube a kaina yaushe rabona da yi musu tambayar nan, ko bara ne, ko shekaranjiya. Ban samo ba, ban kuma tambaye ta ba. Ta kwashe finjalai ta tafi wankewa, ni kuma na jawo butar kusa da ƙafata.